Jan Tsinken Malam Iliasu

"Ɗalibi, fito da bironka," in ji Malam Iliasu. "Amma yau ban da wata da taurari."

Kwanansa biyu ke nan a gadon asibiti, harsashi ya keta masa ciki, likitoci sun daina kallon idonmu. Maƙwabcina ne, bango ɗaya ya raba ɗakunanmu a wani tsohon bene bayan kasuwar Souq Waqif. Ni karatu ya kawo ni Doha, shi kuwa aiki a filin koyon harbi da ke bayan gari. Ni nake rubuta masa wasiƙa zuwa ga matarsa Basiratu a Gusau. Ya ce "ina lafiya," ni in ƙara teku da fitilun titin Corniche na bakinsa, don zuciyata ba ta iya barin takarda fayau.

Dokar filin nan har na haddace ta. Kafin ya shiga canja allon da ake harbi, sai a ɗaga jar tuta, kowa ya ajiye bindigarsa a buɗe. Shi ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa, ya zura yatsa, ya cusa jan tsinken roba inda harsashi yake zama, alamar babu komai a ciki. Mutumin da ko tukunyar gas ɗinmu sai ya taɓa sau biyu kafin ya fita!

"Rubuta mata: ban duba ba," in ji shi daga kan gadon.

"Haba Malam..."

"Rubuta. Mai bindigar dattijo ne, furfura har gira, sa'an babana. Na miƙa hannu, ya ce wallahi babu komai a ciki, khalas, magana ta ƙare. Mutum ya rantse da Allah, ni kuma in zura yatsa a gabansa? Ai na ƙaryata shi ke nan. Na wuce. Ina tsakiyar fili ya ɗauke ta zai sa a jaka, ta tashi."

Aruna, abokin aikinsa ɗan Kumasi, yana tsaye a ƙarshen gado, idanu jawur.

"Shekara shida kana zagina kan tsinken nan, Iliasu. Ni ko na rantse sai ka duba!"

"Kai ina ka ga furfura, ƙaton banza?"

Ya so ya yi dariya, ciwon ya hana. Sai da ya huta ya ci gaba.

"Ka ce kada ta riƙe tsohon a rai. Harsashi guda ɗaya ya manta a ciki. Aikina ne in gan shi."

Na rubuta kamar yadda ya faɗa. Duk littattafan da na karanta, babu wanda ya zo mini da kalma ɗaya.

"Shi ke nan, Malam?"

Ya girgiza kai.

"Ka ce ina tuna yadda take rufe baki da mayafi in za ta yi dariya. Kada ka ƙara komai."

Ban ƙara ba. Washegari bayan la'asar ya cika.

A leda aka ba mu kayansa. Na kai su ɗakinsa, inda butarsa ke nan da sauran ruwa, takalmin wankansa a bakin ƙofa. Ina naɗe wandon aikin, wani abu ya faɗo daga aljihu, ya gangara ƙarƙashin gado. Na durƙusa na laluɓo shi. Jan tsinken ne, fes, ko ɗigon jini babu.

Na ɗora shi a bakin taga, kusa da wasiƙar. Rana tana faɗuwa, inuwarsa ta miƙe kan sunan Basiratu.