Kwamfutar da Ba a Yarda Ta Huta ba

Na dawo daga aiki na tarar da maigidana yana naɗe wayoyin kwamfuta, zai sake mayar da ita wurin mai gyara, alhali 'yarmu tana da zanen da za ta miƙa a makaranta washegari.

"Baban yara, me kwamfutar ta yi kuma?"

"Manhajar awon gudu da na saka ta tona mata asiri," in ji shi. "A kwali an rubuta gudunta dubu huɗu, ita kuwa ɗari takwas take nunawa. Gurguwa aka sayar mana."

Na zauna ban ko cire mayafi ba, ƙafafuna suna zugi. Na maimaita masa bayanin mai gyara: idan ba ta da aiki, rage gudu take yi domin tsimin wuta, kuma manhajar ba kullum take auna daidai ba.

"Ai na kashe tsimin, sai fankarta ta dinga kuka kamar injin niƙa."

"Ka hana ta hutu ta yi kuka, ka bar ta ta huta ka kira ta gurguwa. Don Allah mayar da wayoyin."

Ya mayar yana gunaguni. 'Yarmu ta buɗe zanenta, nan take lambar da manhajar take nunawa ta haura dubu huɗu. Ya daɗe yana kallo.

"Wataƙila yanzu ne manhajar take ƙarya," ya ce a hankali. "Zan nemo wata."

"Allah Ya kai mu jibi, sai ka nema," na ce. Na ja masa kujerarsa zuwa falo, na rufo wa yarinyar ƙofa.