Motar da Gwaggo Ta Raba Biyu

Labo da yayansa Bubakar ba su taɓa raba komai ba tun rasuwar mahaifinsu. Gona ɗaya, rumbu ɗaya, akushi ɗaya. Sai shekarar da aya ta yi albarka, suka sayi wata tsohuwar mota fara don jigilar kaya tsakanin Agiye da Cadawa, sannan fa aka fara jin kansu. Wa zai wanke? Wa ya fasa madubi? Wa ya bar akuya ta yi kashi a kan kujera? Kullum da ƙarar da za a kai wa Gwaggo Maimuna, ƙanwar babansu, wadda ita kaɗai ta rage mai iya tsawata musu.

Ran da abin ya kai mata wuya, sai ta fito da gawayi a hannu. Ta ja layi tun daga hancin motar, ta taka turmi ta bi ta kan rufi, ta sauko har baya.

"Hagu na Bubakar, tunda nan sitiyari yake. Dama na Labo. Inji rijiya ce, ta kowa. Kowa shi ji da gonarshi, ku bar ni in yi sallata lafiya!"

Ita dai baiwar Allah gatse ta yi. Su kuwa, manoma 'ya'yan manoma, suka ɗauka da gaske. Kafin gawayin ya goge Labo ya bi layin da jan fenti, ya tsinko gamba ya ɗaure a madubin tsakiya, tunda ita ake dasawa a iyakar gona. Kai, jama'a! Ka ga mota tana tafe, rabinta na ƙyalli saboda wankin Labo, rabinta ya yi butu-butu don Bubakar ya ce ƙura ba ta hana tafiya. Amma fa Bubakar ba ya wasa da ƙafa. Wata rana ya dawo daga Maraɗi da sabuwar taya baƙa wuluk, haƙoranta zaƙo-zaƙo, ya ɗaura ta a gaba ta gefensa, ya yini yana shafa ta yana kallon suɗaɗɗun tayoyin ƙanensa.

Ba a jima ba mota ta tsiro da sabon hali. Da Bubakar ya ɗan sassauta hannu, sai ta karkata dama, suuu, ta nufi bakin hanya kamar jakin da ya hango gida. Sau ɗaya ta kusa kwasar tiren mai ƙosai. Wani karon har jandarma mai tsaron hanya ya leƙo ya tambayi Bubakar ko barci yake.

"Gefenka ke ja," in ji Bubakar. "Kowa na gani. Dama take zuwa, dama kuwa taka ce."

"Haba Yaya! Sitiyari a hannun wa yake?"

Magana ta yi zafi a gaban majalisar ƙofar gida, aka yi ta zuga su, har suka tafa a kan cewa za a kai ta wurin mai gyara, duk wanda aka samu laifin a gefensa ya bar wa ɗan'uwansa rabinsa, ya fita daga motar fit. Gwaggo ta leƙo ta zaure ta ce ba da yawunta ba. Wa ya saurare ta?

Daga nan hankalin Labo ya tashi, don ya san tayoyinsa sun suɗe kamar tafin hannu, kuma yana son motar nan har cikin ransa. Ya ƙara musu iska. Ya mai da buhunan aya duk gefen Bubakar, wai ko nauyi ne. Ya koma zama a kan iyaka, rabin jikinsa a gonar yayansa, har Bubakar ya ce ya janye gwiwarsa daga kan giya. Duk a banza. Mota ta ce ita dama ta sani.

Ranar kasuwar Cadawa suka tsaya wurin Muttaka, mai gyaran mota a gindin dogon yaro kusa da tasha. Kafin ya gama goge hannu labari ya zaga. Direbobi, 'yan kamasho, masu shayi, har da mahauta, duk suka taru suka rabu biyu, 'yan Dama da 'yan Hagu.

Muttaka mutum ne mai sanyin jiki, ba ya gaggawa ko gobara ake yi. Ya gwada iskar kowace taya, ya ce daidai. Ya dafa ƙarfen kowace ƙafa ya ji ko akwai wadda ta fi zafi, don in birki na kamawa a gefe guda, can mota za ta ja. Babu. Ya ɗaga ta da jak, ya girgiza ƙafafun gaba, ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi. Labo na tsaye a kansa, yana karanto duk addu'ar da ya iya.

Muttaka ya fito ya kakkaɓe riga. "Ƙarfe lafiya lau. Saura abu guda. Zan musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama, ta dama ta koma hagu. In ta sake gefen da take ja, to taya ce."

Ai kamar ya zagi kakansu.

"Mi?" in ji Bubakar. "Sabuwar tayata a gonar wannan?"

"Ni ma ban yarda a kai tawa cikin ƙurarshi ba!" in ji Labo.

'Yan kallo suka bushe da dariya, wani mai shayi har da riƙe ciki. Da ƙyar aka shawo kansu da cewa aro ne na ɗan lokaci, kamar yadda ake aron galma. Aka musanya. Muttaka ya karɓi tuƙi, Bubakar ya zauna bayansa don kada ya bar gefensa, Labo na gaba a nasa. Suka hau kwalta, inda hanya ta miƙe, Muttaka ya ce, "Ku duba hannuna," ya saki sitiyari.

Mota ta yi ɗan jim, sannan suuu, ta nufi hagu.

"Hagu!" Labo ya kurma ihu, ya fito da kansa ta taga. "Jama'a, hagu ta yi! Hagu!" Wani mai amalanke da bai san hawa ba bai san sauka ba ya ɗaga masa hannu.

Da suka dawo Muttaka ya kwance tayoyin biyu, ya jera su a tsaye gefe da gefe a gaban kowa. Ba sai an yi bayani ba. Ta Bubakar ta ɗara ta Labo tsawo a fili.

"Tayarka sabuwa ce, Malam Bubakar, kuma mai kyau," in ji Muttaka. "Amma ba ta wagga mota ba ce, ta babbar mota ce. Doguwar ƙafa da gajera in suka jeru, dole tafiya ta karkata wajen gajerar. Ta Labo ta tsufa, amma ita ce daidai da motar."

Wayyo daɗi! Labo bai san sanda ya cilla hularsa sama ba. 'Yan Dama suka ɗaga shi caɗak. Mai kalangun mahauta, wanda dama neman dalili yake, ya matso ya saki kiɗa, Labo ya dire ya shiga rawa. Ya yi ta gaba, ya yi ta baya, ya kwaikwayi tafiyar motar, yana karkata dama yana karkata hagu, ya rungumi suɗaɗɗiyar tayarsa ya sumbace ta. Ya zagaya gefen hagu yana shafa ƙofar direba yana cewa, "Sannu da ƙura, gobe za ki sha wanka!" Ya tsinke gambar madubi ya soka a bayan kunne. Mata masu tallar fura suka rangaɗa guɗa ba tare da sun san abin da ake yi ba.

Sai da ya tsaya shan iska ya ji abu mai sanyi a tafin hannunsa. Makullin motar ne. Wani ɗan kamasho ya miƙa masa, ya ce yayansa ya bayar.

"Ina yake?"

Aka nuna masa hanyar Agiye. Can ga Bubakar, babban mutum mai furfura a gemu, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, yana gara tayarsa a gefen kwalta shi kaɗai cikin rana.

Labo ya ruga. Takalminsa ɗaya ya fita bai tsaya ɗauka ba. Ya cim masa wajen ƙarshen gari yana haki, har yanzu da sauran dariya a bakinsa.

"Yaya, tsaya mana! Ina za ka da ƙafa? Wasa ne fa."

Bubakar ya tare tayar da gwiwa, bai dube shi ba. "Ba wasa ba ne. Mun tafa gaban mutane, ka ci. Motarka ce, Allah shi sa albarka."

"To ai sai ka bari mu koma gida tare."

"Labo." Sai yanzu Bubakar ya ɗago, idanunsa sun yi ja. "Na zaci kai za ka faɗi, kowa ma haka ya zata. Tun jiya na gaya wa Gwaggo, in an ce gefenka ne, zan ba ka tsoro har mu isa gida, sannan in ce ka riƙe abinka. Wallahi ko minti ɗaya ban yi niyyar shiga motar nan ba ka cikinta ba. Ba rabin mota ke mini ciwo ba. Na tsaya ina jira ka waiwayo, kai kuwa rawa kake."

Kiɗan kalangu na nan na tashi daga tasha. Kunya ta rufe Labo tun daga kai har ƙafa, irin wadda bai taɓa ji ba, don gaskiya ne, tunda aka fara kiɗan nan ko sau ɗaya bai tuna da yayansa ba. Ban haƙuri ya yi kaɗan, rantsuwa kuma ba ta da amfani.

Sai ya durƙusa a bakin kwalta, ya zura makullin a aljihun Bubakar, ya janye tayar daga gwiwarsa ya juya ta wajen gari.

"Mi za ka yi da ita?"

"Zan kai wa mai taya, ita da tawa, shi ba mu biyu iri ɗaya. In ka ga dama ka zo, in ba ka zo ba nan zan kwana gindin motar har ka zo."

Ya fara garawa. Tayar na da nauyi, tana ta kuɓuce masa, ga ƙafa ɗaya ba takalmi, ga kwalta ta ɗau zafi. Da ya doso tasha 'yan Dama suka hango shi suka ɗau sowa, mai kalangu ya taho da gudu ya tare shi da kiɗa. Labo ya ɗaga masa hannu ya ce ya bari. Bai yarda ya waiwaya ba, tsoro yake ji. Kunne kawai ya kasa, har ya jiyo takun yayansa a bayansa, da muryarsa cikin faɗa:

"Riƙe ta da kyau, sakarai, za ka jefa ta rami."