Zanen da Bai Isa Mampong Ba

"Shige da ita har tsakiyar fili," in ji Maame Dufie.

Oteng, direban janwe, ya dube ta a kaikaice. "Maame, taro fa ake yi. Ga rumfuna, ga makaɗa."

"Don taron na zo. Taka mana."

Ya taka. Janwe ya kutsa cikin filin kanikawan Suame yana jan matacciyar motarta, mutane suna tsalle suna kauce wa ƙura. Kiɗa ya tsaya cak. A ƙarƙashin babbar rumfa Masta Adubofour yana zaune ya yafa sabon zanen kente, ana shirin naɗa shi shugaban ƙungiyar kanikawa. Da ya hango motar, murmushinsa ya bushe.

Dufie ta sauko sanye da jan zane da baƙi na makoki. Kwana arba'in ke nan da mutuwar uwarta.

Sati ɗaya kafin jana'izar, wata jar fitila mai kama da buta ta kama a allon gaban sitiyarinta. Ta rasa gane kanta, sai ta kai wa Adubofour, aminin marigayi mijinta. Ya yi dariya, ya ce motocin Turai haka suke da tsegumi kamar tsohuwar da ba ta da jika. Da yamma ya maido mata da motar, fitila ta mutu. Ranar jana'iza, a tsakiyar hawan dutsen Mampong, kan hanyar garin uwarta, injin ya buga, babu ɗigon baƙin mai a cikinsa. A bayan motar kuwa akwai farin zanen da ya kamata babbar 'ya ta sa wa uwarta a akwati don mamaciyar ta tafi da shi wurin kakanni. Kafin ta samu wata mota ta isa, an rufe kabari. Har yau ƙannen uwarta ba sa amsa gaisuwarta.

"Matar aminina!" Adubofour ya taso yana ware hannuwa. "Yau ranar murna ce. Ki bari Litinin in duba miki ita da kaina."

"Ai ka riga ka duba ta, Masta. Aikinka na kawo a yaba."

Ta yi wa Oteng alama. Ya zaro allon fitilun daga motar, wanda tun jiya suka kwance shi, ya ɗaga sama ya juya shi. Can cikinsa, daidai kan idon butar, wato fitilar gargaɗin baƙin mai, ga guntun baƙin salatif a manne.

Guna-guni ya tashi. Wasu kanikawan suka sunkuyar da kai, da alama ba yau suka fara ganin irin wannan gyara ba.

"Sharri ne!" Adubofour ya daka tsawa. "Wa ya san wanda ya manna? Mace ta kashe motarta da ganganci, ta zo tana neman wanda za ta shafa wa!"

Dufie ta juya masa baya. Ta nufi babban baƙon taron, Nana Ampofo, dattijon da ke da motocin haya talatin. Ta ɗan rusuna.

"Nana, wa ke duba maka motarka ta hawa?"

"Shi wannan. Shekara shida ke nan."

"Ta taɓa kunna maka fitila?"

"Ko sau ɗaya," in ji Nana da alfahari.

"To, ina roƙon ka murɗa makulli, amma kada ka tayar da injin. Oteng ya koya mini: lafiyayyar mota sai ta kunna duk fitilunta ta gaishe ka kafin ta tashi. Wadda ba ta kama ba, rufe mata ido aka yi."

Nana ya miƙe da sandarsa, taro ya bi shi ɗuu zuwa inda baƙar motarsa take. Ya shiga, ya murɗa makulli. Fitilu suka kama, kore da ruwan ɗorawa. Ya sa tabarau ya leƙa da kyau.

"Ina butar?" ya tambaya a hankali.

Babu buta. Babu ta birki ma.

Nana ya fito, ya tsaya yana kallon Adubofour. "Da wannan motar nake kai jikokina coci."

Kafin ya rufe baki fili ya watse, kowa ya ruga wurin motarsa. Sai ƙarar makullai kake ji, da ihu daga nan da can. "Tawa ma babu!" Wata mata ta cire takalminta ta nufo rumfa. Magatakardan ƙungiya ya naɗe takardar naɗin ya cusa a aljihu, makaɗa suka fara tattara gangunansu.

Adubofour ya zube a kujera, kenten ya zame daga kafaɗarsa. "Dufie," ya ce, "kin kashe ni. Ko don darajar mijinki..."

"Da saura."

Ta buɗe bayan motarta ta ɗauko farin zanen, yana nan a ninke yadda ta goge shi daren jana'iza. Mutanen da ke kusa suka gane ko mene ne, suka ja da baya. Ba a miƙa wa mai rai irin wannan zane.

Ta ɗora masa a cinya, ta gyara ninkin da tafin hannunta.

"Ka adana shi da kyau, Masta. Ranar da ka tashi tafiya, ka kai wa uwata. Ka gaya mata kai ka tsare shi a hanya."

Ya ɗaga hannuwansa sama, ya kasa taɓa zanen, ya kuma kasa ture shi.

Dufie ta hau janwe ta ja ƙofa. "Mu je, Oteng. Ka murɗa makullin a hankali, ina so in ƙirga fitilun."