Burodin Bakin Taga

Etela ta fizge farantin daga bakin taga, saura kaɗan burodin ya faɗa cikin dusar ƙanƙara.

"Ba a yi mutuwa a gidan nan ba, Inna."

Surukarta Aranka ba ta ɗago ba. "Ni na haife shi, 'yar nan. Jikina ya gaya mini."

Mu 'yan ƙabilar Roma, tsirarun da ake ƙyama a ƙasar nan, mamaci muke ajiye wa abinci a taga, don kada ya tafi da yunwa. Shi ya sa Etela ta ji kamar an soke ta. Tun da gwamnati ta zabge rabin tallafi, yunwa ta tura mutane suka fasa kantin cikin gari, 'yan sanda kuma suka dirar wa unguwa da karnuka, babu ruwansu da wanda ya je da wanda bai je ba. Mijinta Gejza bai je ba. Ya dai gudu wajen magudanar ruwa tare da sauran maza. Kowa ya dawo ban da shi.

Ta mayar da burodin cikin tukunya ta rufe. Shi kaɗai ya rage a gidan, ga 'yarta Zlatica tana binsa da ido.

"Na dare ne. Kada ki taɓa."

Ta taka har cikin gari. A ofishin 'yan sanda, na kan tebur ko kujera bai nuna mata ba.

"Ba ya cikin waɗanda muka kama. Wataƙila yana can yana cin abin da ya sato."

"Ranka ya daɗe, ko ƙofar kantin bai je ba."

"Duk haka kuke cewa."

A asibiti mai gadi ne ya tare ta, ya shiga, ya fito ya girgiza kai. Ta yi masa godiya, domin shi ko ba komai ya dubi fuskarta.

Ta biyo ta magudanar ruwa a hanyar dawowa. Mazan unguwa na bakin gaɓa da dogayen sanduna suna caccakar ƙanƙarar da ta rufe ruwan, suna neman Gejza. Da suka hango ta, kowa ya sunkuyar da kai. Maƙwabcinsu Dezider ya miƙo mata hular Gejza a jiƙe, wadda suka tsamo daga ruwan.

Ba ta yi kuka a gabansu ba, amma zuciyarta ta karye. A gida ta buɗe tukunya, ta ɗora burodin a faranti, ta kai taga da hannunta. Aranka ta rufe fuska da zane.

Rana na shirin faɗuwa tsohuwar ta leƙa taga, sai ta dafe ƙirji.

"Ya zo, Etela. Ɗana ya zo, ya ci."

Farantin fes. Etela ta waiwaya. Zlatica na rakuɓe a bayan murhu, ido cike da tsoro, ɓurɓushin burodi a gaban rigarta.

Etela ta durƙusa ta kare yarinyar da jikinta, ta karkaɗe rigar a hankali.

"Ya ci, Inna," in ji ta. "Gobe ma, duk abin da aka samu, a fara ajiye masa."