Kofin Ruwan Doña Herminia

"Mama, don Allah ki matsa daga ƙofar nan," in ji mai gadin. "Ba ki ga hatimin kotu ba?"

Temilda ba ta matsa ba. Kofin ruwa ne a hannunta, tana riƙe da shi kamar jariri.

Gidan na maƙwabciyarta ne, Doña Herminia. Ɗanta Wilfrido ne ya gina mata shi, har da tayil da ƙofar ƙarfe. Da alƙali ya ce ya faɗi inda ya samo kuɗin, sai gogan naka ya cika wandonsa da iska. Kotu ta rufe gida, tsohuwa ta fito da akwati ɗaya. Temilda ce ta ba ta ɗakin baya. Kullum tsohuwar tana bakin taga, tana kallon mangwaronta na zuba a tsakar gida babu mai tsinta.

Jiya aka binne ta. Mutanen da suka sha romon kajinta kowace Kirsimeti kuwa, ko ƙeyarsu ba a gani ba, wai kada a ce da su aka ci. Tir! Temilda ta dafa gahawa tukunya guda don masu zuwa ta'aziyya, ita kaɗai ta sha. Abin ya ci mata rai.

Saura abu ɗaya. A garin nan, in mutum ya mutu, sai an ajiye masa ruwa a gidansa kwana tara, in ba haka ba ransa ya yi ta yawo da ƙishi.

"Ki ajiye mata a ɗakinki mana," in ji mai gadin.

"Kai yaro, ba ka san Herminia ba. Ko da ranta ba ta ɗauki ɗakina gida ba. Nan za ta zo."

"In na taɓa hatimin nan, aikina ya tafi."

"To, ta zo ta tarar da ƙofa a rufe, kuma babu ruwa?"

Ya sosa ƙeya, ya dubi titi hagu da dama. Sai ya karɓi kofin, ya zura hannu ta ƙarafan taga, ya ajiye shi daga ciki.

Washegari ta dawo da buta. Ruwan ya ragu kamar yatsa guda.

"Zafin rana ne, Mama," in ji shi.

"Haka ne," ta ce.

Ta ɗaga butar a hankali, ta cika kofin har baki.