Ɗinkin Pascoe

Idan mutum ya yi maka mugunta, muguntar kuma ta ceci ranka, godiya za ka yi masa ko mari? Na tsufa ina juya wannan magana, ban samu amsa ba.

A Gallipoli ne, a ƙasar Turkawa, lokacin yaƙin duniya na farko. Aka ba mu umarni kowa ya ɗinka farin ƙyalle a bayan rigarsa, don masu harba igwarmu su bambanta mu da Turkawa idan mun afka wa ramukansu da asuba. Ni ban iya riƙe allura ba. Pascoe kuwa buhunan gashin tumaki yake ɗinkewa a Queensland, can ƙasarmu, kafin yaƙi, don haka shi ya yi wa kowa, kowa ya ba shi ɗan abin taɓawa.

A wurina ya riga ya zaɓi ladansa: gwangwanin madara da uwata ta aiko mini, wanda nake ɓoyewa cikin safa.

"Lindsay, buɗe mana mu lasa," in ji shi. "Gobe war haka wa ya san mai shan ta?"

"Sai ranar da muka shiga Istanbul."

"To, Baturke zai zuba ta a shayinsa, ya sa wa gyatumarka albarka. Juyo bayanka, marowacin banza."

Na zauna kan buhun yashi yana ɗinki yana fito, har gyangyaɗi ya ɗauke ni.

Da aka busa usur ɗin fita kai hari na zabura, sai na ji an fizgo ni baya. Ashe ɗan iskan ya haɗe gindin rigata da buhun, ɗinki ruɓi biyu. Ina ta shure-shure kamar akuya a turke, shi kuwa yana kan tsanin fita daga raminmu, ya waiwayo yana ƙyalƙyala dariya.

Kafin in yage rigar, bindigogin Turkawa sun riga sun share sahun mutanenmu da suka fita kamar an yi girbi. Aka tsayar da sauran. Kaɗan ne suka rarrafo suka dawo.

Na iske Pascoe a bakin teku cikin masu jiran jirgin asibiti. Hannun da yake ɗinki da shi babu.

Na ce, "Faɗa mini gaskiya. Cetona ka yi, ko haushin madara ne?"

"Kai ma dai! Da na san abin da ke waje, ai kaina zan ɗinke." Sai kuma ya kashe mini ido.

Na zaro gwangwanin daga safa, na huda shi da tsinin wuƙar bindigata, na tallafi ƙeyarsa na kai masa baki.