Hannu Uku

Tun da Mai Kifi ya rasu, tarwaɗar kwaminsa ta ƙi girma. Matarsa, wadda kowa ke kira Iya, ita ta gaje su, ita kaɗai a gidan sai ƙarar famfo. Ɗanta kuwa ya gama magana: in kifin bai yi ba, ta rufe gida ta komo wurinsa. Ita ko ba ta son barin inda mutumin ya bar takalmansa.

Kullum da safe takan buɗe littafinsa ta haɗa abincin yadda ya rubuta: dusa kwano biyu, garin waken suya kwano ɗaya, garin kifi hannu uku. Tana watsawa tana yi musu faɗa.

"Ku ci mana, marasa kunya. Shi kun ci nasa, ni ce bare?"

Da shiru ya ishe ta, sai ta kira malamar gona. Yarinyar ta zo da sikeli, ta kamo goma ta auna, ta matsa cikin ɗaya.

"Iya, waɗannan duk kai ne, ba jiki. Furotin ya yi musu kaɗan, abin da ke gina tsoka. A garin kifi yake."

"'Yar nan, kar ki ɗora min. Ko wasali ban canza ba."

"To haɗa in gani."

Iya ta auna dusa, ta auna wake, ta zura hannu a buhu sau uku. Malamar ta dubi littafin, ta dubi ɗan abin da ya zuba.

"Hannu uku. Iya, hannun wa?"

Iya ta tuna girman hannun mijinta. Wai, mutumin da in ya riƙe kofi sai kofin ya ɓace!

Malamar ta auna mata da sikeli, ta rubuta hannu biyar a gefen nasa, ta yi sallama.

Gida ya koma shiru. Iya ta zagaya bayan kwamin, inda mijinta ya danna tafinsa a ɗanyen siminti ranar da ya gina shi. Ta sa nata a ciki. Yatsunta ko gaɓar ƙarshe ba su kai ba. Ta daɗe a haka.

Sannan ta koma buhu ta ƙara biyu, ta watsa. Ruwa ya hautsine.

"Ashe yunwa kuke ji," ta ce. "Ba wanda ya faɗa min."

Wayarta ta yi ƙara, ɗanta ne. Ta goge hannu a zane ta ɗauka.

"Ba yanzu ba, ɗan nan. Ina da masu ci."